Lemar Kar-ku-motsa

A layinmu, idan mace tana son sanin ko za ta bar wankinta a igiya, ba sama take dubawa ba. Shagon mai hoto take leƙawa ta tambaye shi. Zai fito bakin ƙofa, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana kallon gabas kamar mai karanta ƙananan rubutu, sannan ya ce, "Yau kam babu ruwa." Sai ta yi masa godiya, ta koma gida da sauri ta kwashe kayanta. Lissafi na koyar har na yi ritaya, don haka ba na son ɗora wa mutum laifi ba hujja. Amma ban taɓa ganin wanda sama take ƙaryatawa a kai a kai kamar wannan bawan Allah ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Cewa yake hadarin ne ba shi da alkawari.

Sunansa na gaskiya yana jikin allon shagon, sai dai rana ta cinye fentin tuntuni. Kowa Kar-ku-motsa yake ce masa, domin abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna kyamara, ko da abin da zai ɗauka mota ce a ajiye. Gajere ne, mai ɗan tumbi, kullum cikin wata riga marar hannu mai aljihu da yawa. Tabarau ɗinsa a goshi yake zama, kuma a cikin aljihunan yake nemansa.

Shagon siriri ne, an matse shi tsakanin na tela da na mai gyaran waya. A bangon ƙurya akwai labule mai zanen matakala da ta hau sama ba ta isa ko'ina ba, da wani tafki mai agwagi. Gabansa kujera mai hannu, da tukunyar furen roba, da tsohon tarho marar waya wanda rabin mutanen layin nan sun taɓa karawa a kunne suna murmushi. Ni ma na kara, ina saurayi. Yanzu da kowa yake yawo da kyamara a aljihu, abin da ya rage masa hoton fasfo ne da na biki. Bai riƙi wayar hannu da gaba ba. Ya ce ita ma tana iya ƙoƙarinta, sai dai ba ta san ta ce wa mutum ya ɗaga haɓa ba.

Abokiyar gabarsa rana ce. A ɗakin wankin hoto ya koyi sana'a, ya yi ƙuruciyarsa cikin duhu da warin magani, kuma ina jin tun daga nan jininsu bai haɗu ba.

"Rana ba ta iya hoto ba, Malam," ya sha gaya min. "Ta matse wa mutane ido, ta zuba musu inuwa a ƙarƙashin hanci, ta sa goshin ango yana ƙyalli kamar murfin tukunya. Ba ni lumshi. Da lumshi ko kai sai na fitar da kai kyakkyawa."

Don haka ba ya fitar da amarya da ango waje sai sama ta rufe. Matsalar ita ce, tunda bai iya karanta saman ba, lumshin da yake jira yakan zo masa da ruwa a goye. Shekaru da tafiya sun sa ya tanadi kayan yaƙi. Akwai hular wankan matarsa, mai furanni, da ya huda ta a tsakiya yake sa wa kyamara, ya ɗaure bakin da zaren roba. Akwai ƙaramin tawul a kafaɗa. Akwai buhu a naɗe. Sai kuma lema, ƙatuwa, irin wadda masu sayar da kaya a bakin titi suke kafawa, launinta ya koɗe, ƙashinta ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Idan ya ɗaura ta a bayan babur, daga nesa kamar mai tafiya kamun kifi.

Shi yake ɗaukar iyalina tun muna da ɗa ɗaya. Wuri guda muke tsayawa kullum, a tsakar gida, gaban katanga, tsakanin bishiyar lemun tsami da tankin ruwa. Tsarin ma guda ne. Ni a kujerar dama, uwar yaran a ta hagu, 'yan matan biyu a tsakiya, babban ɗanmu a baya, ta hagu, bayan mahaifiyarsa.

Tankin baƙi ne, na roba, kuma mummuna. Kar-ku-motsa ya tsane shi kusan yadda ya tsani rana. Ya sha roƙona in matsar da shi, na sha gaya masa famfo ba ya bin son ran mai hoto. Maganin ya zo da kansa, shekarar da yaron ya miƙe lokaci ɗaya har kansa ya fita daga hoto. Kar-ku-motsa ya ɗago daga kyamara ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai Dogo, matsa hagu ka rufe min tankin nan." Sunan ya bi shi tun daga ranar. 'Yan'uwansa suka ɗauka, makaranta ta ɗauka, har maƙwabta suka koma kiran matata Maman Dogo. A duk hotunanmu na bayan wannan, ba za ka ga tanki ba. Za ka ga saurayi ya buɗe kafaɗu yana danne dariya. Idan kuma ruwa ya kama mu, shi yake riƙe lemar, saboda hannunsa ne kaɗai yake kai ta sama da kan kowa.

Dogo ya rasu bara waccan, bayan rashin lafiyar da ba ta daɗe ba. Yana gab da gama karatu. Abin da zan ce a kai ke nan.

Tun daga lokacin matata ba ta sake tsayawa gaban kyamara ba. Ba ta yi shela ba. Sai dai da zarar wani ya ɗaga waya, za ta tuna ta bar abu a kan wuta. Tsofaffin hotunan suna nan a bangon falo, ita take goge su. Mu kuma, ba tare da mun yi shawara ba, muka daina ambaton sunan a gabanta. Maƙwabta suka koma ce mata Mama kawai. Wani lokaci sai ka ji mace ta fara "Maman," ta tsaya, ta haɗiye sauran, ta tambayi lafiyar gida. Dukanmu mun ɗauka tausayi muke yi.

Sai ga bikin autarmu. Auta ba yarinya ce mai yawan buƙata ba. Abu ɗaya ta nema, kuma a kicin ta nema, ina falo ina ji.

"Mama, hoto ɗaya. A tsakar gida, inda muka saba."

"Ga babanki, ga yayarki, ga goggonki da take son hoto kamar me."

"Ni ke nake so."

Uwar ta ci gaba da goge farantin da ya riga ya bushe.

"In akwai rana lokacin da za a ɗauka, zan tsaya."

Na san matata. Ba ta karya alkawari, shi ya sa take zaɓen wanda za ta ɗauka. Bikin a tsakiyar damina yake, hoton kuma da yamma, lokacin da hadari ya fi son layinmu. Ga mai hoton shi kansa ba ya fita sai rana ta ɓuya. Ta rufe ƙofar, ta bar mabuɗin a hannun sama.

Ana saura 'yan kwanaki, na raka Auta shagon Kar-ku-motsa. Ta ce masa wannan karon da rana take son hotonta. Ya dube ta kamar ta ce ya sha magani mai ɗaci. Da ta gaya masa dalili, ya nemi tabarau a aljihu uku, ya ce to.

"Amma Baba, ranar Asabar ɗin fa? Me ka gani?"

Ya fito bakin ƙofa. Ya kare ido. Ya kalli gabas ya daɗe, har ya lasa yatsa ya ɗaga. Ya dawo fuskarsa a jagule.

"'Yata, ki yi haƙuri. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Da iska."

Auta ta kama hannuna ta matse.

"Alhamdulillahi," ta ce.

"Kin ji abin da na faɗa kuwa?"

"Na ji, Baba. Allah ya saka da alheri."

Tela, da yake sauraro ta bayan katakon da ya raba shagunansu, ya yi dariya har keken ɗinkinsa ya tsaya. Auta ta dawo gida tana tsalle-tsalle kamar 'yar firamare. Ta gaya wa yayarta, yayar ta gaya wa masu kafa rumfa kada su damu da ƙara igiya. Ni kaina, da na san abin da ake kira dace a lissafi, ban sayi leda ko ɗaya ba.

Ranar Asabar gari ya waye fes. Rana ta fito tun da wuri, ta zauna a kan katanga kamar an gayyace ta. Matata ta sa kayan da 'ya'yanta suka ɗinka mata, ta ɗaura tsohon zane a kai, ta shiga kicin cikin masu girki. Na ga ta leƙa taga ba sau ɗaya ba. Na yi kamar ban gani ba.

Yayata, wadda kowa har ni muke ce wa Goggo, ta iso da ɗaurin kai da ya ci mata safiya guda, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ango ya iso da abokansa. Yaro ne mai kunya, a kantin magani yake aiki, ya sa sabon takalmi mai ƙara duk taku. Baƙi suka cika rumfa, aka ci, aka sha, aka yi addu'a.

Da yamma ta fara yi, gabas ta yi baƙi.

Da farko ba wanda ya yarda. Yayar Auta ta ce wucewa zai yi. Sai iska ta shigo ta ƙofar gida, ta kwashe kofunan roba daga kan tebur, ta ɗaga gefen rumfa ta ajiye shi a kan bishiyar lemun tsami. Baƙi suka ruga baranda da falo, kowa riƙe da farantinsa. A karo na farko a tarihin layinmu, Kar-ku-motsa ya faɗa daidai.

Ban taɓa ganin mutum cikin tsaka mai wuya irin tasa ba. Yana jin tausayin Auta, wannan ba shakka. Amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya bi baranda yana gaisawa da mutanen da ya riga ya gaisa da su.

"Ai na faɗa. Tela, kana wurin, ko ban faɗa ba? Har iskar na faɗa."

"Ka faɗa," in ji tela. "Allah ya sa kada ka saba."

Sai ya hango Auta a bakin ƙofar ɗaki, ta ciji leɓe don kada kwalliyarta ta ɓaci. Fara'ar ta sauka daga fuskarsa. Ya je ya tsaya gabanta.

"'Yata, wancan ba a hannuna yake ba. Amma wannan hasken, ko da kuɗi ba a saye. Fito da mijinki kafin ya zubo."

Na sha ganinsa yana aiki, amma ban taɓa kula da kyau ba sai ranar. Ya sa wa kyamara hular wanka. Ya shimfiɗa buhunsa a ƙasa ya ce amarya ta hau, ya ja bakin rigarta ya rufe shi. Ya juya su suka fuskanci iska, don mayafin ya tafi baya maimakon ya naɗe mata fuska. Ya durƙusa ƙasa-ƙasa, yadda baƙin hadarin zai zauna a bayan fararen kayansu. Ya hana su kallon kyamara, ya ce yayyafi yana sa mutum ƙifta ido, su kalli juna.

"Ango, matarka ce, ba takardar likita ba. Saki fuska."

Ango ya saki kaɗan.

"Ƙara. Ba za mu gaya wa kowa ba."

Iska tana zuwa ne tana ja da baya, shi kuma yana jiran inda za ta ja numfashi. Tana lafawa sai ka ji "Kar ku motsa," ya danna, ya goge gilashin da bakin tawul, ya sake jira. Har Auta ta yi dariya sau ɗaya, lokacin da mayafin ya kuɓuce ya rufe kan ango.

Sai yayyafin ya zama ruwa. Kar-ku-motsa ya warware lemarsa, ya buɗe ta da ƙyar, ya waiwaya yana neman mai riƙewa. Kowa a baranda ya kalli kayan jikinsa. Matata tana bakin ƙofar kicin, da tsohon zanenta, hannu a ƙugu. Ta ci nasara, kuma mai nasara yakan yi sauƙin hali.

"Mama, ke da ba kya cikin hoto, taimaka ki riƙe min. Kyamarar kawai za ki kare, ni na riga na jiƙe."

Ta dubi sama, ta tabbatar babu ko alamar rana. Ta sa silifa ta fito. Bayan kyamara ba gaban kyamara ba ne, alkawarinta bai taɓu ba. Ta karɓi lemar da hannu biyu ta tsaya a kansa.

Auta ta ce a ɗauki na iyalin haka nan, tunda an riga an jiƙe. Muryarta ba ta rawa, amma ba ta kalli uwar ba. Aka kawo kujeru biyu kamar yadda aka saba, sai yayarta ta ɗauke ta hagun ta mayar baranda. Na zauna a tawa. Ruwa yana bin bayan wuyana. Goggo ta fito dafe da kai da hannu biyu, tana cewa in ba don Auta ba ko sarkin duniya bai isa ba.

Kar-ku-motsa ya sunkuya, ya sa ido a kyamara, ya fara abin da ya saba, da muryar da ya saba.

"Malam, ɗaga haɓa. Yaya, matso kusa da babanki. Goggo, saki ɗaurin, ba zai gudu ba."

"Kai ka ɗaura min?"

"Ango, kafaɗa ta taɓa ta amarya. Yauwa. Dogo, rufe min tankin nan."

Ba wanda ya yi motsi. Ina jin ruwa yana buga murfin tankin a bayana. A baranda wani ya ajiye cokali. Kar-ku-motsa bai ɗago ba. Yana nan a sunkuye, ido a kyamara, kuma daga inda nake ina ganin yatsansa ya sauka daga kan madannin. Sunan ya daɗe bai fito da ƙarfi a tsakar gidan nan ba, kuma ba a taɓa faɗinsa haka ba tun rasuwar, kamar mai shi yana bayan ɗaki zai fito yana gyara riga.

Na kalli matata. Na yi zaton za ta ajiye lemar ta shiga ciki, na fara shirin tashi in bi ta.

Lemar ta matsa daga kan mai hoto. Ruwa ya sauka a bayansa da kan hular wanka. Ta tako cikin taɓo, silifa yana mannewa tana cirewa, ta zagaya ta bayan Goggo, ta bayan ango, ta tsaya a baya ta hagu, gaban tankin. Da hannu ɗaya ta kwance tsohon zanen ta rataye shi a kan famfo.

Matata ba doguwa ba ce. Tankin ya fi ta tsawo, ango ma da yake gabanta ya fi ta. Daga wurin kyamara ba abin da ake gani sai lema tana tsaye ita kaɗai.

Kar-ku-motsa ya yi gyaran murya. Bai fito daidai ba, ya sake.

"Maman Dogo, ba a ganinki."

"To ni ce mai hoton? Ka san yadda za ka yi."

Ango ne ya fara motsi. Ya ruga baranda, ya zazzage kwalaben da suke cikin wani akwatin lemo, ya dawo da shi a guje. Takalmin ya daina ƙara tun a taku na biyu. Ya kifa akwatin gaban tanki, ya danna shi cikin taɓo da ƙafa, ya miƙa mata kafaɗa. Ta dafa ta hau.

"Ya rufu?" ta tambaya.

"Saura kaɗan. Shi yakan buɗe kafaɗu."

"Ni kafaɗun da Allah ya ba ni ke nan."

"To karkato lemar hagu. Ƙara. Ƙasa kaɗan."

"Ka yi sauri, akwatin nan rawa yake."

Ya goge gilashin da tawul ɗin da ya fi gilashin jiƙa. Ya goge fuskarsa ma, ya ce ruwa ne ya shiga masa ido.

"Kar ku motsa."

Ba wanda ya bi umarnin. Iska ta ɗauke ɗaurin Goggo daidai lokacin, ta bi shi da hannu. Yayar Auta ta rufe baki. Auta kuwa ta juya gaba ɗaya tana kallon uwarta. Ni kaɗai na tsaya da haɓa a ɗage, kamar yadda aka ce.

Bayan biki Kar-ku-motsa ya ɓace mana. Hotunan amarya da ango ya aiko da su ta hannun tela, kuma sun yi kyau ƙwarai, har abokan ango suna tambaya ko zana hadarin aka yi. Na iyalin bai zo ba. Shi ma bai zo ba. Mutumin da kullum yake bi ta ƙofarmu ya danna hon, ya koma zagayawa ta bayan layi. Da abin ya yi tsawo, na je shagon.

Na same shi a kujera mai hannu, ƙarƙashin matakalar da ba ta zuwa ko'ina. Kyamarar tana cikin roba cike da ɗanyar shinkafa, ya ce tun ranar take ciki, shinkafar tana tsotse ruwan da ta sha.

"Malam, bakina ne," ya ce, bai bari na zauna ba. "Ido yana cikin kyamara, na ga baƙin abu a kusurwa, baki ya yi abin da ya saba. Ni da na ɗauki yaron nan tun yana rarrafe. Ni da na je jana'iza."

"Na sani."

"Da wane ido zan kalle ta?"

"Da wanda kake kallon gabas. Ta ce in tambaye ka ina hotonta."

"Ai ya lalace."

"Ya lalace yaya?"

Ya fara lissafa min da yatsu. Ɗigon ruwa ya zauna a gilashi ya dusashe gefen bishiya. Amarya ta ba kyamara ƙeya. Goggo kamar mai kama kaza. Kusurwar tanki ta fito. A duk rayuwarsa, in ji shi, bai taɓa sa hannu a hoto irin wannan ba, kuma in mutane suka gani za su ce ya tsufa.

"Ni fa?" na ce.

"Kai ka fito daidai. Kai kaɗai. Shi ya ƙara ɓata shi."

Washegari da hantsi ya zo, hoton cikin firam, firam cikin leda, leda cikin wata ledar. Ya tsaya a ƙofar gida yana sallama ƙasa-ƙasa, kamar mai fatan kada a ji. Matata tana shanya a tsakar gida. Ta ce ya shigo. Ta goge hannu a zane, ta warware ledojin ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe hoton nesa da ido saboda ba ta sa tabarau ba.

Na leƙa ta kafaɗarta. Duk abin da ya lissafa yana nan. A baya ta hagu kuma ga ta, kanta sama da na kowa, daidai tsayin da muka saba gani a wurin, riƙe da lema a karkace. Ba murmushi take ba. Fuskarta irin ta wanda aka ba aiki yake so ya yi shi da kyau.

Ta daɗe tana kallo. Kar-ku-motsa yana neman tabarau a aljihu.

"Tankin ya fito," ta ce.

"Kusurwa ɗaya ce kawai."

"Dogo ba ya barin ko kusurwa."

"Ai shi gwani ne. Ke ranar kika fara."

Ta yi wani ɗan sauti ta hanci, wanda a gidanmu dariya ne. Ta miƙo min hoton ta ce in nemo ƙusa, a jere da sauran za a rataye shi. Ta ce masa lemarsa tana bayan ƙofar kicin, ta ɗinke inda ta yage, amma ƙashin da ya karye ya fi ƙarfinta. Ya ce kyamararsa ma har yanzu ba ta yafe mata ba. Ta ce ya gaya wa kyamarar ta sayi hular wanka ta kanta.

Tela ne ya fara gwada tsohon sunan, bayan kwana biyu, daga nesa, yadda zai iya cewa ba shi ba ne. Ta amsa. Yanzu layin duka ya koma kiranta da shi.

A ranar da ya kawo hoton dai, da ta raka mai hoto bakin ƙofa, ta dubi igiyarta cike da zannuwa, ta dube shi.

"Yau fa? Za a yi ruwa?"

Ya jingina lemar da babur. Ya kare ido. Tun da ya faɗa daidai sau ɗaya, kallon nasa ya ƙara tsawo.

"Yau kam babu, Maman Dogo. Ki bar kayanki."

Ta yi masa godiya, ta jira ya tada babur ya sha kwana.

"Malam," ta ce, "ajiye gudumar nan ka zo ka taya ni kwashe wanki."